Hanyar Jidda daga Kafin Dafga a Shekarun Korona

Kafin Dafga mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Karaye, a yammacin Jihar Kano, yankin da ya haɗe da Rogo ya dangana da iyakokin Kaduna da Katsina. Ƙasar noma ce, ta masara da dawa da rake, ga noman rani a bakin madatsun ruwa na Challawa da Kusalla. Mutumin wannan yanki idan zai bar Najeriya, galibi ɗayan hanyoyi biyu yake bi. Ko dai ya yi gabas, Makka da Madina, don hajji ko umara ko neman abinci, ko kuma ya yi arewa zuwa Nijar don fatauci da zumunci. Tafiyar gabas sananniya ce ga kowa: mota daga gari zuwa Karaye, wata motar zuwa birni ta hanyar Gwarzo, kwana ɗaya ko biyu a sansanin alhazai, sannan jirgi daga filin Malam Aminu Kano ya sauke mutum a Jidda cikin awa huɗu zuwa biyar. Daga Fabrairun 2020 zuwa ƙarshen 2022 babu zangon da ba a kafa wa shinge ba a wannan hanya. Wani shingen makonni ya yi aka ɗage shi, wani kuwa sai da ya ci shekara biyu.

Ƙofar da ta fara rufuwa ita ce ta can ƙarshen hanya. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, Saudiyya ta dakatar da shigar masu umara daga waje. A ranar ce kuma aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A majalisun Karaye da Rogo labarin bai wuce abin da ake ji a rediyo ba, ana cewa ciwon masu hawa jirgi ne, ina ruwan talaka. Amma waɗanda suka tara kuɗin umarar azumi sun ji a jikinsu tun daga ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris. Bayan mako guda Najeriya ta hana shigowa daga ƙasashe 13, cikinsu har da Sin da Italiya da Iran da Ingila da Amurka. Ranar 21 ga wata aka rufe filin jirgin Kano ga jiragen waje, tare da na Inugu da Fatakwal, ranar 23 na Legas da Abuja suka bi sahu.

Hanyar Nijar kuwa dama a toshe annobar ta same ta. Tun Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, sai ga shi a Maris na 2020 Nijar ma ta rufe nata ɓangaren saboda cutar. An buɗe Maigatari da Illela ranar 16 ga Disamba, 2020, amma Jibiya, wadda ita ce ƙofar Maraɗi ga mai tasowa daga yammacin Kano, sai a Afrilun 2022. Tsakanin nan mai 'ya da ke aure a Maraɗi, ko mai kai hatsi ya komo da dabbobi, bai daina tafiya ba. Ɓarauniyar hanya ya koma bi a kan babur, da tsada da fargaba, ba tare da wani ya auna zafin jikinsa ba. Wannan shi ne aibin rufe iyakar da dangi ke zaune a kowane gefenta: mutane ba su fasa ƙetarewa ba, idon ma'aikacin lafiya kawai suka ɓace wa.

Daga nan shingayen suka matso gida. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta rufe iyakokin Jihar Kano daga daren 27 ga Maris. An samu mai cutar na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu, dokar kulle ta fara ranar 16, azumi ya kama ranar 24, ranar 27 kuma Shugaban Ƙasa ya ƙara ɗaure kullen da mako biyu. A makonnin nan ne aka yi ta jana'iza a birni, malamai da dattawa da manyan ma'aikata suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Daga baya Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomin cikin birni, kuma rabi ko fiye da haka na da alaƙa da korona. Da aka sassauta, Litinin da Alhamis kaɗai aka yarda a fita, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Wanda ya taso daga Kafin Dafga yana son ya shiga Kantin Kwari ko Dawanau ya fito, rabin wannan lokaci a mota zai ƙare.

A karkara kulle bai yi kamar na birni ba, domin babu mai hana manomi zuwa sharar gona. Inda ya ciza shi ne tasha da kasuwa. Motocin haya suka ja layi ƙura na hawa kansu, 'yan kamasho suna zaune a inuwa babu lodi, tumatir da kayan lambu suna ruɓewa a kwando don babu mai kai su Kudu a kan kari. Hana zirga-zirga tsakanin jihohi ya zo daidai da lokacin da 'yan cirani ke komowa gida don damina. Samarin da suka yi rani a Legas da Fatakwal da Abuja suna acaɓa ko dako ko yankan farce suka ga aiki ya tsaya, kuɗin hannu yana ƙarewa, ga hadari ya fara haɗuwa a gida. Da yawa suka shiga bayan manyan motocin abinci, waɗanda doka ta bari su wuce, suka ɓuya tsakanin buhuna. Wasu suka sauka kafin shingen Kwanar Dangora suka ratsa ta ƙauyukan Makarfi zuwa Rogo a kan babur, kuɗin hanya ya yi tashin gwauron zabo. Sai ranar 1 ga Yuli aka ɗage wannan hani.

A cikin wannan hali ne Karaye da kanta ta zama wurin killace mutane. A bakin madatsar Kusalla akwai sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano, wanda aka sallami mutanen cikinsa ranar 18 ga Maris lokacin da aka rufe irinsa a duk ƙasar. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka yi shawarar mayar da kowane almajiri jiharsa ta asali. Kano ta kwashi yara zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna da sauran jihohi, su ma suka kwaso nata suka kawo mata. Aka tanadi wurare uku na tsare su kafin a miƙa su ga iyayensu, a Kiru da Gabasawa da Karaye. Yaron da bai taɓa riƙe fasfo ba, bai taɓa ganin cikin jirgi ba, shi ne ya ɗanɗani killacewa irin wadda ake yi wa masu dawowa daga Dubai da Landan, sai dai su a otal, shi kuwa a dogon ɗakin kwana na sansani. Yana sauka daga mota da allonsa da ƙullin tufafi da robar bara, a saita masa na'urar auna zafi a goshi, a rubuta sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, a ɗaura masa takunkumin da ya fi fuskarsa girma. Wani ƙanƙanta ta sa ko sunan ƙauyensu bai iya faɗa daidai ba. An samu masu cutar a cikin yaran da aka yi ta musaya, jihohi suka shiga nuna wa juna yatsa a kan wa ya aika wa wa. Abin da ya fi ciwo a lamarin shi ne an cunkusa yara a motoci an ratsa da su ɗaruruwan kilomita a daidai makonnin da ake ce wa kowa ya zauna inda yake, an kuma yi kwasar kafin gwaji maimakon bayansa. Gyaran karatun allo magana ce da ta cancanci a zauna a kanta, amma tsakiyar annoba ba lokacinta ba ne, kuma yaran ne suka biya kuɗin gaggawar.

Killacewa ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan ƙasa, ko da yake sunan ne ya zama sabo a bakin rediyo. Malamai sun yi ta tunatarwa da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita, da labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓulla a can. Tsofaffi suna tuna yadda ake ware mai agana a bukka a bayan gari, wanda ya taɓa yin ciwon ya warke shi ke kai masa abinci. Murar 1918, wadda aka yi wa laƙabi da marisuwa, ta jirgin ruwa ta sauka a Legas, ta biyo layin dogo har Kano. Alhazan da suka tafi a ƙasa, ta Maiduguri da Fallomi, wato Njamena ta yau, suka ratsa Darfur da Kartum, ba su ƙetare Bahar Maliya ba sai da aka tsare su a Sawakin aka yi musu lamba da allura. A 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga. Bayan da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, ɗigon maganin ya zama sharaɗi a kan matafiyin Najeriya komai furfurarsa. A 2014 an hana mutanen Gini da Laberiya da Saliyo zuwa hajji saboda Ebola, Najeriya ta tsira da ƙyar don ta shawo kan tata da wuri. Abin da korona ta zo da shi sabo shi ne rufe ƙofar ga duniya baki ɗaya.

Ranar 22 ga Yuni, 2020, Saudiyya ta sanar cewa hajjin bana na mazauna ƙasar ne kaɗai. A 2019 kusan mutum miliyan 2.5 suka tsaya a Arfa, a 2020 kuwa ba su wuce 'yan dubbai ba. Mutanen Karaye sun kalli abin a talabijin da wayoyin 'ya'yansu: masu ɗawafi jefi-jefi a kan layukan da aka shata a ƙasa, kowa da takunkumi, an kewaye Ka'aba da shinge babu mai taɓa ta, ruwan Zamzam a gorar roba, tsakuwar jifa ma an tsabtace ta an ƙulla a jaka. Dattawa da yawa sun yi hawaye da ganin filin da suka sani maƙil ya zama fayau. Maniyyacin da ya riga ya biya kuɗin kujera ta hannun jami'in alhazai na ƙaramar hukuma aka ba shi zaɓi, ko ya karɓi kuɗinsa ko ya bar su zuwa baɗi. Mafi yawa kuɗin nan ba daga albashi suka fito ba. Shanu ne aka sayar, ko masarar shekara uku, ko wata gona da aka jinginar, ko 'ya'ya ne suka haɗa wa uwa. Da yawa suka bar su, suna cewa kuɗin Makka ba a mayar da shi gida. Baɗin ta zo, a Yunin 2021 aka sake sanar da cewa mutum 60,000 ne za su yi hajji, dukkansu mazauna Saudiyya masu rigakafi.

Jiragen cikin gida sun dawo Kano ranar 11 ga Yuli, 2020, na waje kuma suka dawo Najeriya ranar 5 ga Satumba, amma a Legas da Abuja kaɗai. Filin Malam Aminu Kano, mafi daɗewa a ƙasar, bai sake karɓar jirgin waje ba sai 5 ga Afrilu, 2021. Wata bakwai ke nan mai tafiya Jidda ko Dubai ko Alƙahira daga yammacin Kano sai ya fara gangarawa Abuja, ta hanyar Kaduna da ake tsoron masu garkuwa da mutane a kanta, ko ya ƙara kuɗin wani jirgin.

Ƙa'idojin da kwamitin shugaban ƙasa ya shimfiɗa, ƙarƙashin Boss Mustapha da Dakta Sani Aliyu, a takarda ba su da wuyar fahimta. Mai shigowa Najeriya zai yi gwajin PCR kafin ya taso, cikin wa'adin da ya fara daga awa 96, ya koma 72, daga baya 48. Zai cike bayanansa a shafin intanet na gwamnati, ya biya kuɗin gwaji na biyu, ya nuna shaidar biya kafin ya hau jirgi. Idan ya sauka zai killace kansa kwana bakwai, a rana ta bakwai ya je a sake gwada shi. Mai fita ma sai ya cika makamancin wannan ga ƙasar da za shi. Gwajin kansa ɗan lokaci ne: ma'aikaci cikin farar riga da safar hannu ya ce a ɗaga kai, ya zura siririn tsinke mai auduga can cikin hanci har ido ya kawo ruwa, ya juya shi, ya karya a cikin 'yar kwalba. Wahalar tana kewaye da shi. Ɗakunan gwajin da aka amince da su a birni suke, kuɗin ya kai wajen naira 50,000 a Legas, sakamakon kuma ta imel yake zuwa. Idan jirgi ya ɗaga tashi da kwana ɗaya takardar ta mutu, sai a sake biya. Dattijon da wayarsa ta kira da tocila ce kawai sai ya nemi ɗa ko jika mai babbar waya da katin banki, ko ya biya mai shagon kwamfuta ya cike masa, harafi ɗaya ya kuskure a lambar fasfo a mayar da shi daga bakin kanta.

Sharaɗin killace kai kuwa an rubuta shi ne da tunanin mai ɗaki da banɗaki nasa shi kaɗai. A gidan gandu na Kafin Dafga, inda tsakar gida ɗaya ce, randa ɗaya, buta tana yawo hannu zuwa hannu, ba a san inda za a ajiye wanda ya dawo ba. Balle kuma wanda ya dawo daga gabas. Kafin ya sauke jaka zaure ya cika: “Alhaji, barka da sauka, an zo lafiya?” “Allah ya sa karɓaɓɓiya ce, ya maimaita mana.” Wannan ya miƙa hannu, wancan ya rungume, yara suna jiran dabino da bagaruwa. A ce wa surukin da ya tako daga Rogo ya koma sai bayan mako, abu ne da ba kowane mai gida zai iya furtawa ba. Gwajin rana ta bakwai ma yana nufin wata tafiyar zuwa birni a motar haya cike da mutane. Da yawa ba su koma ba, har a Janairun 2021 gwamnati ta wallafa lambobin fasfo 100 ta dakatar da su wata shida don su zama izina.

Umara ta buɗe ga baƙi ranar 1 ga Nuwamba, 2020, amma ga masu shekara 18 zuwa 50, da zaman kwana uku a ɗakin otal kafin a ɗaura harami, da neman izinin shiga Harami ta manhajar waya. Daga nan magana ta koma kan rigakafi. Kashin farko, kusan miliyan 4 na AstraZeneca, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris, 2021. A ƙasar Kano ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, ga kuma jita-jitar WhatsApp. Abin da wa'azin ma'aikatan lafiya bai yi ba, sharaɗin Makka ya yi shi: maniyyata suka miƙa dantse, suka adana koren katin a cikin fasfo. Duk da haka a Disambar 2021, da nau'in Omicron ya bayyana, Ingila ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana, ɗan ƙasarta ko mazauninta da ya taso daga nan sai ya biya fam 2,285 na kwana goma a otal. Kwana tara kacal dokar ta yi aka soke ta, don cutar ta riga ta cika Landan. Saudiyya ma ta dakatar da jiragen Najeriya a watan, masu umara da biza a hannu suka yi cirko-cirko. An hukunta ƙasashen Afirka a kan cutar da ba su fi kowa yawanta ba, alhali su ne aka bari a ƙarshen layin rigakafi.

Hajjin 2022 ne ya buɗe ga duniya, da mutum miliyan ɗaya. Najeriya, wadda ta saba samun kujera 95,000, aka ba ta 43,008. Sharuɗɗan su ne cikakken rigakafi, gwajin PCR cikin awa 72 kafin tashi, da kuma kada mutum ya kai shekara 65. Kuɗin kujera da yake kimanin naira miliyan 1.5 a 2019 ya kai kusan miliyan 2.5, wanda ya bar kuɗinsa tun 2020 aka ce ya kawo ciko. Sharaɗin shekaru shi ne ya fi taɓa karkara, domin manomi ba ya samun halin Makka da ƙuruciya. Sai ya aurar da 'ya'ya, ya gina gida, ƙarfi ya fara ja baya, sannan abin ya taru. Wanda ya biya yana da 64 a 2020, jiran da ba shi ya jawo ba ya fitar da shi daga layi, jami'i ya duba fasfo ya ce, “Baba, sai dai a yi haƙuri, bana shekaru sun hana.” Wasu suka miƙa kujerar ga ɗa ko ƙane. Wasu kuma ba su kai wannan shekara ba, magada suka karɓi kuɗin ko suka nemi wanda zai yi musu. Cikin waɗanda suka cika kowane sharaɗi ma, ɗaruruwan maniyyatan Kano sun kwana a sansani da jakunkunansu har aka rufe filin Jidda jirgi bai kwashe su ba.

Najeriya ta cire wa masu cikakken rigakafi gwajin kafin tasowa a Afrilun 2022, ta soke sauran ƙa'idojin a Disambar shekarar. A Agustan 2022 aka janye shingen da ke kewaye da Ka'aba. A 2023 Saudiyya ta ɗage iyakar shekaru, kujerun Najeriya suka koma 95,000, kuɗin kujera a Kano ya doshi naira miliyan 3, ranar 5 ga Mayu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matakin gaggawa. Sansanin Kusalla ya koma hannun masu yi wa ƙasa hidima tun Nuwambar 2020. Maniyyacin Kafin Dafga a yau yana hawa mota zuwa Karaye, ya bi hanyar Gwarzo zuwa birni ba tare da tsinke a hanci ba, amma ba zai hau jirgi ba sai da katin allurar shawara da ta sanƙarau, da ɗigon shan-inna a baki.